Hannun 'Yar Tanis da Turmin Kaka

Yayata tana bin gidajen biki a unguwar Zahir, nan Makka, tana gaya wa mata wai ita ce ta gyara hannun yarinyar nan 'yar Madagaska mai buga tanis. Ƙarya take yi. Ita ce ta ɓata hannun, a cikin falona, da dutsenta na goge kaushi, kuma har yau ba ta ce wa kowa ya yi haƙuri ba. Tun da yarinyar ta fara yawon ƙasashe, ta ci nan ta faɗi can, tana turo mana hotuna, Yaya ta mayar da ita abin ado, sai ta zaro waya a tsakiyar taro ta ce ku ga 'yata. Na faɗa mata gaskiya a gaban idonta, na faɗa mata a waya, ta ce ba ni da kunya. To, ita tana da baki da gidajen biki. Ni kuma Allah ya sa na iya riƙe alƙalami da furfura a kaina, saboda haka ga yadda aka yi.

Ta hannun ƙawata yarinyar ta zo mini. Mun haɗu da ƙawar tawa a makarantar manya ta mata, wadda ake shiga bayan la'asar, inda aka tara mu tsofaffi ana koya mana baƙi da wasali kamar 'yan yaye. Benci ɗaya muke zama. Ita 'yar Madagaska ce, aure ya kawo ta Makka tun da ƙuruciyarta, ta zauna cikin Hausawan unguwarmu ta Kudai har Hausa ta kama bakinta, sai dai tana jan ta kamar mai rera waƙa. Wata rana malama tana rubutu a allo, ƙawar tawa ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce 'yar ƙaninta za ta zo, gidanta kuwa cike yake da jikoki. Ni mai gidana ya rasu, 'ya'ya sun yi aure, ina da ɗaki a rufe.

Na ce, "Umara za ta yi?"

Ta ce, "Umara, da wasa."

"Wane irin wasa?"

"Tanis. A Jidda."

"Mace?"

"Ke dai bari ta zo."

A hanyar gida ta warware mini zancen. Akwai ƙananan gasa biyu a Jidda, irin waɗanda masu farawa suke shiga, tsakaninsu wajen wata guda. In yarinyar ta ci wasa ko ɗaya a ciki, za a ba ta maki, sunanta ya hau jerin 'yan wasan duniya, ko da can ƙasa ne inda sai yatsa ya gaji da jan waya kafin a gan shi. Da sunan a jerin, wasu gasannin za su karɓe ta. Ubanta kuwa, mai shagon shinkafa da kanumfari a wani gari na bakin teku, ya ce ya gaji da hidimar. Wannan tafiyar ce ta ƙarshe. In ta koma babu suna, ta rataye kayan wasa ta zauna a shago tana auna wa mutane kanumfari.

Ranar da ta iso na ga 'yar siririya, ba ta kai shekara ashirin ba, da ƙatuwar jaka a baya kamar ta goyo ɗan maraƙi. Na miƙa mata hannu mu gaisa, sai na ji kamar na kama bayan kunkuru. Na juya tafin na duba. Kanta ce, irin taurin nan da fata take yi in ta daɗe tana aikin ƙarfi, ta zauna a gindin yatsu, da gefen babban yatsa, da can ƙasan tafi wajen wuyan hannu. Na duba na hagu, laushi kamar na kowace yarinya. Na san abin. Mu da muka tashi a unguwar Tandabawi kafin injin niƙa ya shiga kowane gida, haka hannayenmu suke saboda daka.

Ba mu da yare ɗaya ni da ita. Tana jin nasu, tana jin Faransanci, Larabcinta kuwa na salla ne kawai. Abu ɗaya ta kama tun ranar farko, ta ji yaran unguwa suna ce mini Khala, wato inna, ita ma ta ɗauka. Sauran zancen da hannu muke yi, in ya yi tsanani mu leƙa taga mu ƙwala wa ƙawata kira, don gininsu yana kallon namu.

Shinkafa take ci safe, rana da dare. Na yi tuwo, ta ci don kara. Na yi mata taliya, ta yi godiya, ta tambayi ko akwai sauran shinkafar jiya. Abin da ya fi ba ni dariya, in na kwashe shinkafa sai ta hana ni jiƙa tukunya, ta zuba ruwa a kan ƙanzon ta tafasa, ta tsiyaya a kofi tana kurɓa kamar shayi. Wai haka ake yi a garinsu. Na ɗanɗana, ba laifi. Har yanzu nakan yi in ba kowa.

Abin bugun nata sunansa raket, amma ni matankaɗi nake ce masa, don ba shi da maraba da matankaɗin da aka ɗora wa mariƙi. Kullum bayan asuba sai ta hau saman bene, da yake ni ce nake zaune a hawa na ƙarshe, ta riƙa dukan bangon ɗakin tankin ruwa da 'yar ƙwallonta mai gashi. Tas, tas, tas, har rana ta ɗaga. Wata safiya ƙwallon ta tsallake katanga, muka leƙa tare, muka gan ta ta sauka a kan rufin bas ɗin alhazai, ta yi tsalle ta zauna, bas ya ja ya nufi Harami. Na ce wa yarinyar wannan ta riga ki umara. Ba ta ji abin da na ce ba, amma ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

A ranar ne da yamma, ƙawata tana tsakaninmu tana juya magana, na tambaye ta labarin hannun. Ta ce ai ba raket ne ya fara yi mata kanta ba. Tun tana ƙarama take zuwa hutu ƙauyen kakarta, can kuwa shinkafa a turmi ake surfa ta, ita da 'yan'uwanta su jeru da taɓare. Da aka fara koya musu tanis, sauran yara hannunsu ya yi bororo suna kuka, ita ko a jikinta. Na ce ashe har tsakiyar teku ana daka. Ta miƙo tafinta, na miƙa nawa, muka gwada. Nawa ya riga ya yi sanyi, injin markaɗe ya lalata ni.

To, sai zancen umara. Ana saura kwanaki kaɗan gasar farko muka kai ta Harami da sassafe, ni da ƙawata. Ta yi ɗawafi, ta yi Safa da Marwa tana tafe kamar ba ta taka ƙasa, mu muna bayanta muna haki. Kafin azahar mun dawo. Muna shiga sai ga Yaya daga Zahir da jakar aikinta.

Yaya mai gyaran jiki ce, dilka, halawa, lalle, kuma ta iya, ba zan ci amanarta a nan ba. Akwai wata al'ada a gidanmu tun zamanin kakarmu, wadda ta zo Makka da ƙafa daga ƙasar Hausa ta hanyar Sudan. Duk baƙuwar da ta gama umara a gidanmu, sai an jiƙa mata ƙafa a ruwan ɗumi, an goge, an ɗaura mata lalle. Kaka ta ce ranar da ta iso wata tsohuwa ta yi mata haka, ba ta manta ba har ta koma ga Allah. Yaya ce ta gaji aikin, ba ta yarda kowa ya taya ta.

Ranar kuwa muna da jarrabawar shifta a makaranta. Ni ba na fashi, ko ana ruwan duwatsu. Ƙawata ma haka. Muka yafa abaya muka fita, muka bar Yaya da ba ta jin Faransanci da yarinyar da ba ta jin Hausa, da roba cike da ruwan ɗumi a tsakaninsu.

Daga baya na haɗa yadda abin ya faru. Yaya ta kama ƙafa, yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya ta janye, ashe ba ta jure cakulkuli. Don kada tsohuwa ta ji ba daɗi, sai ta miƙa mata hannu, a zatonta zanen lalle za a yi mata. Ga gajiyar umara, ga sanyin na'ura, ga ruwan ɗumi. Barci ya kwashe ta a jingine da kujera.

Da muka dawo gab da magariba na tarar da Yaya ta miƙe ƙafa tana shan shayi, fuskarta kamar wadda ta gina masallaci.

Ta ce, "Zo ki ga aiki. Hannun 'yar mutane kamar na birkila, kina zaune da ita a gida ba ki ce komai ba. Wai uwarta ba ta da ido ne?"

Na ce, "Yaya, me kika yi?"

"Me na yi? Na jiƙa, na goge da dutse, inda ya ƙi na ɗan bi da reza. Na shafe da man kaɗe na ɗaure da leda. Je ki taɓa ki ji. Auduga."

Yarinyar tana bakin gado ta shimfiɗa hannun a cinya tana kallonsa kamar wani ne ya ba ta ajiya. Tafin ya yi jajawur, sumul, fata sabuwa tana sheƙi. Ta ɗauki matankaɗin ta riƙe, ta juya shi sau ɗaya, ta ajiye a hankali. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa.

Ƙawata ta ce, "Ta ce shekara da shekaru tana tara shi."

Yaya ta leƙo daga falo. "Tana tara me? Kaushi? Ikon Allah. Mutane suna biyana in raba su da shi."

Na ce, "Yaya, da wannan kantar take riƙe abin bugun. In babu ita fatar yagewa za ta yi."

"To ta sa safar hannu mana."

"Ba a sawa."

"Wa ya hana? Ke tun da kika shiga makarantar nan kin fi kowa sanin komai. Jiya-jiya ba ki iya karanta lambar bas ba."

"Yau na iya. Ke kuma kin yanke wa 'yar mutane sana'a tana barci."

Ta aje kofin da ƙarfi. "Ni kike faɗa wa haka? Ni da na goye ki?"

Muna cikin haka yarinyar ta fito, idanunta sun yi ja. Ta durƙusa ta sumbaci kan Yaya ta ce, "Shukran, Khala." Yaya ta dube ni ta ce, "Kin gani? 'Yar tarbiyya." Wallahi wannan godiyar ta fi komai ƙona mini rai.

Ranar wasa muka ɗauki tasi zuwa Jidda mu uku. Yaya ta ce ita ba ta kallon wasan yara. Na zaci zan tarar da taro kamar na ƙwallon ƙafa, sai na ga fili shuɗi da raga a tsakiya, da 'yan kujeru, masu kallo ba su cika tabarma biyu ba. Alƙaliyar wasan tana can sama kan kujera mai tsani. Abokiyar karawar wata doguwar Baturiya ce, da mai koyar da ita, da mai riƙe mata jaka. Tamu kuwa daga ni sai ƙawata, sai kwanon shinkafa da muka ƙunso a leda.

Ƙidayarsu ta mahaukata ce. Daga sha biyar a tsallaka talatin, daga nan a faɗa arba'in. Ni da na sha wuya kafin na iya jera lambobi a makaranta, na zo na ga masu ilimi sun watsar da su. Na daina ƙoƙarin ganewa, na koma kallon fuskar yarinyar.

Ashe abin da nake ji a saman bene somin-taɓi ne. Yarinyar nan da take rusunawa in za ta miƙo mini kofi, sai ga ta tana nishi kamar mai faskare, tana aika ƙwallo lungun da Baturiya ba ta zata ba. Da ta buga wata ta wuce ta gefen ƙafar waccan fuu, ban san lokacin da na miƙe na rangaɗa guɗa ba. Wurin ya yi tsit. Alƙaliya ta yi magana a lasifika tana kallona. Ƙawata ta ja gefen abayata ta ce, "Zauna, ƙawas, za ki sa a kore mu. Nan shiru ake yi." Na ce wane irin wasa ne a ci a hana murna? Amma na zauna.

Da farko tamu ce a gaba. Can sai na ga ta fara hura tafin hannunta tsakanin bugu da bugu. Sai ta koma goga shi a cinya. Da suka zauna hutu na hango fatar ta tashi fari-fari, bororo a duk inda kantar take a da. Kafin su sake zama sun fashe. Farin ƙyallen da aka naɗe mariƙin da shi ya koma ja.

Aka kira likita, wata mata mai kirki, ta wanke ta naɗe da filasta. Aka ci gaba. Gumi ya jiƙa filastan ya fara zamewa. Ta ɗaga hannu za ta yi bugun farawa, matankaɗin ya suɓuce ya tashi sama, ya faɗo ya yi ta sulu har gindin raga. Wani ya yi dariya a bayana. Na juya na dube shi, dariyar ta koma ciki.

Ba ta fita ba. Ta je ta ɗauko abinta ta ƙarasa wasan, tana buga ƙwallo a hankali kamar mai miƙa ƙwai. Baturiya ta cinye. Da suka zo gaisawa a bakin raga, hannun hagu ta ba ta.

Kafin mu taho likitar ta sake duba hannun ta yi mata bayani, ita ta gaya wa ƙawata, ƙawata ta gaya mini. A bar ciwon ya bushe tukuna. In ya bushe, fatar tana bukatar abin da za ta riƙa gugar sa kullum, kaɗan-kaɗan, har ta yi tauri. Amma kada ta yi gaggawar komawa raket, don shi murɗawa yake a cikin tafi in ƙwallo ta doke shi, zai sake yaga wurin. Muka kama hanyar gida. Shinkafar ma ba a buɗe ba.

Muna isa Kudai bayan la'asar ta shige ɗaki. Na ba ta ɗan lokaci, sannan na bi ta da shayi, na tarar ta buɗe akwati tana ninke kaya da hannu ɗaya. Ta ɗauko ƙwallo guda sabuwa ta miƙo mini da murmushi, irin na sallama. Na ƙi karɓa. Na leƙa taga na ƙwala wa ƙawata kira, ta hau bene tana mita.

Na ce, "Tambaye ta ina za ta."

"Ta ce gida. Za ta kira babanta ya matso mata da ranar tafiya."

"Gasa ta biyun fa?"

"Ta ce abin da aka tara a shekaru ba ya dawowa a wata guda. Ba za ta iya riƙe raket yanzu ba, in kuma ba ta riƙe ba fatar ba za ta yi tauri ba. Gara ta tafi da mutuncinta, kada a sake yi mata dariya."

"Gaya mata kanumfari ba ya gudu. Ko shekara goma ta yi zai jira ta a buhu."

Ƙawata ta juya mata maganar. Yarinyar ta girgiza kai ta ci gaba da ninki.

"Gaya mata ni sai da na ga jikoki na zauna a benci, yara suna leƙo mu ta taga suna dariya. Dariya ba ta kashe kowa."

Ƙawata ta ce, "Wannan ba sai na juya ba, kin gaya mata sau nawa da hannu."

Na zauna a bakin gadon raina a ɓace, ina murza tafin hannuna. Ina murzawa ina jin wurin da tawa kantar take a da. Sai na ɗago.

"Tsaya. Tambaye ta, ta ce me ya fara yi mata kanta?"

Ƙawata ta tambaya. Yarinyar ta tsaya da riga a hannu. Ta dube ni, ta dubi filastan, sai ta fashe da dariya, karon farko tun ranar umara. Ta dunƙule hannu ta yi alamar daka, sama da ƙasa, tana magana da sauri.

"Ta ce taɓarya ba ta murɗawa, zamewa take yi a tafi, kuma mutum shi yake auna ƙarfin. In ciwon ya bushe za ta iya farawa da kaɗan, daga baya ta haɗa da raket. Ta ce ba zai koma kamar da ba, amma wataƙila ya ɗauki wasa ɗaya."

"Ai ɗaya ake nema."

"Ta ce amma ina za a samu turmi a garin nan, duk benaye da otal? Ba irin ɗan ƙaramin nan na dakan tafarnuwa ba, babba, wanda ake tsayawa a kansa."

Na ce, "Gaya mata kada ta kira babanta sai gobe da azahar. In azahar ta yi babu turmi a saman benen nan, ni da kaina zan danna mata lambar."

Ta yarda. Ta dai bar akwatin a buɗe.

Turmi kam akwai shi, guda ɗaya tak da na sani, na kakarmu. A Sudan aka sassaƙa mata shi lokacin da suka yada zango suna neman guzuri, ya hau jirgin ruwa tare da ita, ya zauna a tsakar gidanmu na Tandabawi, ya ci gero ya ci dawa har muka girma. Da rusau ya zo kan gidan, Yaya ta riga kowa ɗauke shi. Yanzu yana kusurwar falonta a Zahir, an shafe shi da mai yana ƙyalli, an cusa masa furannin roba a baki.

Bayan magariba na kira Yaya a waya. Na gaishe ta yadda ya kamata, na tambayi ƙafarta, na tambayi jikoki. Na gaya mata yadda aka yi a Jidda, har jinin.

Ta ce, "Allah ya sa kaffara ne. Ai da ma wasan nan bai dace da 'ya mace ba."

"Yaya, aron turmin kaka nake so."

"Turmin wa?"

"Na kaka. Yarinyar za ta riƙa daka don hannun ya koma."

"La haula. In gyara hannu ki sake ɓata shi, kuma da turmin kaka? Turmin nan ba ya fita daga gidan nan. Kayan tarihi ne. Baƙi suna ɗaukar hoto da shi."

"Kaka don daka ta ɗauko shi."

"Khalas, na gama magana." Ta kashe wayar.

Washegari ina sallame asuba na sauka na buga wa maƙwabcinmu ƙofa, wani mutumin Maraɗi mai ƙaramar motar ɗaukar kaya. Na ce Malam, Zahir za mu, kaya ɗaya ne amma yana da nauyi. Muka tafi gari bai gama wayewa ba, bas-bas na alhazai suna ta wuce mu.

Yaya ta buɗe ƙofa da carbi a hannu. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, an tashi lafiya, ya ƙafa, ya kwanan yara. Ta amsa tana kallona ta gefen ido. Da gaisuwa ta ƙare na miƙe, na wuce kusurwar falo, na zare furannin roba na jera mata su a kan kujera, na kwantar da turmin na fara mirgina shi.

"Ke! Me na ce miki jiya?"

"Kin ce kin gama magana, Yaya. Shi ya sa ban zo da magana ba."

"Zan kira 'yan'uwa in gaya musu kin shigo mini gida kin yi fashi."

"Ki kira su. Ki haɗa da labarin rezar."

Na mirgina shi har bakin ƙofa, mutumin Maraɗi ya sa hannu muka ɗora a bayan mota, ya ɗaure da igiya. Na zagaya zan shiga gaba, sai na tuna ban ɗauko taɓarya ba. Ina juyowa na ga Yaya tana saukowa daga matakala tana ɗingishi, mayafi a karkace, taɓarya a kafaɗa, ƙullin gero a ɗaya hannun. Ta jefa su bayan motar ba ta dube ni ba.

Ta ce, "In dai dakan za a yi, a daka abin da za a sha. A aiko mini da fura. Kuma a shimfiɗa masa bargo a ƙasa, kada a fasa mini gindinsa a kan siminti."

Iyakar abin da ta yi ke nan, daga matakala zuwa mota. Na ja ƙofa na ce wa direba ya taka, ina so turmin nan ya hau bene kafin rana ta yi zafi.